Kafin a buga takardar tambayoyi: yadda ake binciken lafiyar uwa da jariri tare da mutanen gari

Aikin bincike na farko da na shiga, an miƙa mini takarda mai tambayoyi sittin da huɗu, aka ce in bi gida-gida in ji dalilin da ya sa masu ciki ba sa zuwa awo. Ni ungozomar asibiti ce kafin in dawo wannan fanni, saboda haka a raina na riga na san amsar tun ban fita ba: nisa, rashin kuɗi, rashin sani. Kwana tara ina cike takardu, amsoshin kuma suna fitowa daidai da zatona. A rana ta goma, wata dattijuwa da ta daɗe tana karɓar haihuwa a unguwar, wadda ke raka ni gidajen, ta tsayar da ni a bakin wata ƙofa ta ce, "'Yata, kullum kina tambayarsu abin da ya hana su zuwa. Har yau ban ji kin tambayi ko ɗaya abin da ya same ta ranar da ta je ba."

Babu wannan tambaya a takardata. Na ce, "To Inna, ke ki tambaya, ni in saurara." Muka koma gidan wata da na riga na rubuta mata "nisa". Ta ce a cikinta na biyu ta je, ta wuni a layi, da aka zo kanta aka daka mata tsawa a gaban mutane saboda katinta ya ɓata, aka ce ta dawo gobe. Ba ta koma ba, ta kuma hana ƙanwarta zuwa. Asibitin nan kuwa tafiyar minti ashirin ce da ƙafa.

Tun ranar na daina amincewa da takardar da aka rubuta a ofis babu ko ɗaya daga cikin matan da za a tambaya. Wanda ya tsara tambaya, shi ya riga ya yanke abin da za a gano. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake gudanar da wannan aiki yanzu, daga sallamar farko har ranar da kuɗin aiki ya ƙare. Na rubuta shi don ɗalibai da ma'aikatan lafiya da masu aiki a ƙungiyoyi, har da mutanen garin da aka zo aka ce su shiga kwamiti, don su ma su san abin da ya kamata su nema.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 260,000 suka rasu a 2023 sanadin ciki ko haihuwa, wato mace ɗaya kusan duk minti biyu, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara suke. Jarirai wajen miliyan 2.3 ke mutuwa a shekara kafin su cika kwana 28, uku cikin huɗu a makon farko. Abubuwan da ke kashe uwa sanannu ne: zubar jini, hawan jini da jijjiga, shigar ƙwayar cuta bayan haihuwa, doguwar naƙuda. Na jariri ma haka: zuwa bakwaini, shaƙewa wajen fitowa, da cuta. Maganin yawancinsu yana nan tun tuni. Abin da ya bambanta daga wuri zuwa wuri shi ne inda gizo ke saƙar tsakanin matar da maganin, wannan kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Watannin farko na zama ne

Ku ware wata biyu ko uku a jadawali da kasafin kuɗi, waɗanda ba abin da za a yi a cikinsu sai gaisuwa da sauraro. Masu ba da kuɗi sukan ɗauke shi ɓata lokaci, sai kun tsaya kun kare shi. Ku fara da shugabanni, na gari da na addini da na ƙungiyoyin mata, domin ta ƙofa ake shiga gida. Sai dai ku sani izinin shiga kawai shugaba ke ba ku. Idan kuka ce ya tara muku mata, waɗanda ya sani zai tara, masu bakin magana, waɗanda galibi ma suna zuwa awo suna haihuwa a asibiti.

Shi ya sa duk wanda na zauna da shi, nakan rufe hirar da tambaya ɗaya: wace mace ce a garin nan da ba za ta taɓa zuwa taro irin wannan ba? In ta faɗa sai in rubuta. Yarinyar da ta yi ciki ba aure. Kurmar da ba mai fassara mata. Baƙuwar da ba ta jin harshen gari. Wadda ke ƙetaren rafi. Wadda ta binne jarirai biyu a jere, ta daina shiga mata saboda kallon da ake yi mata. Mai aikin yini da in ta zo taro ta rasa na cefanen ranar. A wajen waɗannan mace-macen suka fi yawa, kuma su ne takarda ba ta kaiwa. Duk binciken da ya ce zai rage bambanci alhali bai samo hanyar zuwa wurinsu ba, na riga na san ƙarshensa: zai ƙara wa masu ƙarfi ƙarfi, jimillar alƙaluma ta yi kyau, tazarar kuma ta ƙaru.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. A Amurka a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000 mata baƙaƙen fata 69.9 suka rasu, farare 26.6. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta nuna cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga wannan haɗari, ke nan ba a ilimi ko aljihu kaɗai abin ya tsaya ba. A Birtaniya, wani rahoto na 2018 ya nuna haɗarin rasuwar baƙar mace sanadin ciki ko haihuwa ya ninka na fara sau biyar. Wasu iyaye mata biyu baƙaƙen fata suka kafa ƙungiyar Five X More a 2019, a 2022 kuma suka fitar da binciken kansu wanda mata sama da 1,300 suka amsa. Abin da ya fito fili a ciki shi ne halin ma'aikata, da ƙarancin saninsu game da jikin baƙar mace, da zaton da suke yi mata tun kafin ta buɗe baki. Tambayar Inna ce dai, a wata nahiyar.

Kwamitin da ake jin maganarsa

Daga cikin mutanen da kuka sani a watannin nan za ku haɗa kwamiti. Nakan so mutum goma zuwa goma sha biyu, fiye da rabi matan da suka haihu cikin shekara biyun da suka wuce, kuma aƙalla biyu daga jerin nan na waɗanda ba sa zuwa taro. A sa suruka, a sa miji, a sa ungozomar gida. A sa direban da ake bugawa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tsananta, domin ya san wace hanya ce ke yankewa da damina da wane asibiti ne ke mayar da mutane, sanin da ba ya cikin kowane littafin rajista. A sa nas ɗaya, amma kada ta shugabanci zaman. Matar da za ta kwanta a gabanta wata uku masu zuwa ba za ta faɗi laifin ɗakin haihuwa tana kallonta ba. Zaman farko-farko ma gara a yi shi daban-daban, mata su kaɗai, maza su kaɗai, ma'aikata su kaɗai, sannan a haɗu.

Ku biya su. Idan ni ana biyana albashi in zauna a taron nan, ban ga dalilin da matar da ta rufe sana'arta ta zo za ta koma hannu rabbana ba. Kuɗin mota, ladan lokacinta, da mai riƙe yara yayin zaman, duk su shiga kasafi tun farko. Kasafin kuma a karanta musu shi, har nawa ke tafiya albashi da motoci. Na san ba kowa ke son wannan ba, amma mutane suna ganin motocin aiki suna wucewa, in ba ku faɗa ba za su yi nasu lissafin, kuma ya fi naku muni.

Sai yarjejeniya a rubuce, da harshen da ake magana da shi a garin, a karanta ta da ƙarfi saboda waɗanda ba sa karatu. Ta fayyace wa ke riƙe bayanan da aka tara, wa ke da izinin ganinsu, ko za a ɗauki hoto, wa zai fara jin sakamako, sunan wa zai hau rahoto, da abin da za a yi in an samu saɓani. Babban sharaɗi a wurina shi ne kwamiti na da ikon cire tambaya ko sauya ta. A wani aiki mun sa tambaya kan ɓari da cikin da ya taɓa lalacewa. Wata matashiya a kwamitin ta ce, "Anti, in kuka yi wannan tambayar a tsakar gida, ƙarya za ku kwaso, kuma ku bar mace da rigima bayan tafiyarku. Bango ma yana da kunne." Ba su cire ta ba. Sun mayar da ita ƙarshen hira, a wurin da ba kowa, kuma mai tambayar kada ta zama 'yar unguwar. Da a ofis muka tsaya, da ba mu hango wannan ba.

Yadda mata ke zaɓar matsalarsu da kansu

A nan zan ɗan daɗe, domin hanyar ƙungiyoyin mata an sha gwada ta, kuma hujjarta na da ƙarfi. Asalinta wani shiri ne a karkarar Bolibiya a farkon shekarun 1990 mai suna Warmi, kalmar da ke nufin mace a harsunan yankin. Ƙungiyar mata ce ke haɗuwa wata-wata, tare da mai jan ragama 'yar garin, wadda ba lallai ta zama ma'aikaciyar lafiya ba. Zagayen kashi huɗu ne: su gano matsalolinsu su jera su, su tsara mafita, su aiwatar, sannan su zauna su auna abin da ya yi da wanda bai yi ba.

An gwada ta a gundumar Makwanpur ta Nepal, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2004. Kowace mai jan ragama tana kula da ƙungiyoyi tara. Mutuwar jarirai a watan farko ta tsaya a 26 cikin 1,000 a yankunan da ke da ƙungiyoyi, 37 a waɗanda ba su da su, ragin kusan kashi 30 cikin 100. Ba sabon magani aka kawo ba. Matan ne suka kafa asusun gaggawa, suka tanadi gadon ɗaukar mai naƙuda a kan tsaunuka, suka haɗa kayan karɓar haihuwa masu tsafta, suka riƙa ziyartar masu ciki. Ƙungiyar Ekjut ta maimaita shi a jihohin Jharkhand da Orissa na Indiya daga 2005 zuwa 2008, mutuwar jarirai ta ragu da kashi 32. Da aka sake duba alƙaluman daga baya, sai aka ga ragin ya fi girma a cikin waɗanda suka fi talauci da zama saniyar ware. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin.

Ga yadda zaman zaɓen ke kasancewa a hannuna. Za a shimfiɗa katuna a ƙasa, kowanne da zanen matsala ɗaya: mace tana zubar jini, mace tana jijjiga, jariri ya ƙi kama nono, jariri ƙarami ƙwarai, mota ta maƙale. A bar katuna biyu ko uku babu zane, don abin da ba mu yi tunaninsa ba. Kowace mace a ba ta tsakuwa shida: uku a kan matsalar da ta fi damunta, biyu a ta biyu, ɗaya a ta uku. Kada masu faɗa a ji su fara ajiyewa, in ba haka ba kowa zai bi sawunsu. Nakan sa a juya baya, a riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a rufe tsakuwar da ƙwarya ko kofi. Bayan an ƙirga, sai a ɗauki katin da ya fi tsakuwa a shiga tambayar "to me ya jawo?" har sai an kai tushe. Ta yi zubar jini, me ya sa ta mutu? Ba a kai ta da wuri ba. Me ya sa? Mijin ba ya gari. Me ya sa ba wanda ya yanke shawara a madadinsa? A nan ɗaki kan yi tsit, daga nan kuma ainihin maganar ke farawa. Mai jan ragama aikinta ta riƙe bakinta. Na sha ganin ma'aikacin lafiya ya kasa jure shirun nan ya soma lacca, shi ke nan zaman ya mutu.

Akwai darasin da ake yawan tsallakewa. A Bangladesh an yi gwajin farko da ƙungiya ɗaya ga kowane mutum 1,414, masu ciki kaɗan ƙwarai suka halarta, ba a ga wani canji a mutuwar jarirai ba. Aka ƙara yawan ƙungiyoyin zuwa ɗaya ga mutum 309, sai mutuwar ta ragu da kashi 38. A 2013 aka haɗa gwaje-gwaje bakwai daga Bangladesh, Indiya, Malawi da Nepal. A huɗun da aƙalla kashi 30 na masu ciki suka shiga, mutuwar iyaye mata ta ragu da kashi 49, ta jarirai da kashi 33. A unguwannin marasa galihu na birnin Mumbai kuwa hanyar ba ta rage mace-mace ba. Saboda haka a 2014, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita, ta fi ƙarfafa karkarar da asibiti ya yi wa nisa. Abin da za ku ɗauka a aikace: duk wata ku ƙirga masu ciki nawa ne a yankin, nawa suka zo. In ƙasa da ɗaya cikin uku ne, ku ƙara ƙungiyoyi, ku matsar da wurin zama, ku sauya lokaci. Ɗaki cike da kakanni yana da amfani, amma bai wadatar ba.

Kalmar da mutane ke amfani da ita

Kafin a buga takarda, ku zauna da kwamiti a bi ta layi-layi. Sau da yawa kalmar asibiti ba ta da takwara a bakin mutane, ko tana da ita amma da wata ma'ana. A Shivgarh ta jihar Uttar Pradesh, masu bincike sun lura ba a ɗaukar sanyin jikin jariri a matsayin ciwo, alhali zazzaɓi kowa na tsoronsa. Sai aka raɗa masa suna da harshen wurin, ma'anarsa "zazzaɓin sanyi", aka gina saƙon ɗumama jariri da manna shi a ƙirjin uwa a kai. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna mutuwar jarirai ta ragu da fiye da rabi. Ku gwada takardarku a kan mata biyar zuwa goma, bayan kowace tambaya ku ce, "Me kika fahimta na tambaye ki?" In hira ta wuce minti arba'in, ku rage. Mai jego ba ta da wannan lokacin.

Amincewa, da abin da za ku yi in kun tarar da haɗari

Mutane na da dalilin tsoron masu bincike. Daga 1932 zuwa 1972 a Tuskegee ta jihar Alabama, an bi baƙaƙen maza kusan 400 masu ciwon tunjere ana kallon yadda yake cin su, ba a ba su magani ba ko bayan da aka samu maganin. Irin wannan tarihi ba ya mutuwa, kuma kusan kowace al'umma tana da nata ƙaramin labarin na waɗanda suka zo suka ɗebi jini ko bayani ba a sake ganinsu ba. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ita ce ginshiƙin ƙa'idojin binciken lafiya, a gyaranta na 2024 ta nanata a yi hulɗa ta gaskiya da al'umma kafin bincike, da lokacinsa, da bayansa. Dole ku samu amincewar kwamitin ɗa'a na hukuma, mai duba ko bincike zai cutar da mutane, kafin ku fara. Amma dangwala yatsa a takarda bai isa shaida cewa mace ta fahimta ba. Ku bayyana, ku ce ta maimaita muku da bakinta, ku jaddada cewa in ta ƙi ba abin da zai taɓa kulawar da take samu a asibiti. Yardar miji ko shugaban gari ba ta maye gurbin tata. Ƙaramar yarinya kuma tana da ƙa'idarta daban, a bi dokar ƙasar.

Kada mai tambaya ko ɗaya ta fita sai ta haddace alamomin haɗari. A uwa: zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, numfashi da ƙyar. A jariri: ƙin shan nono, jijjiga, numfashi sittin ko fiye a minti, faɗawar ƙirji, zafin jiki ko sanyinsa, rashin motsi, rawayar tafin hannu da ƙafa. Ta san asibitin da za ta tura, lambar wanda za ta kira, da inda kuɗin motar zai fito. Ranar da kuka tarar da mai ciki kanta na sarawa ƙafafunta sun kumbura, takarda ta koma jaka, a nemi mota.

Bin sawun rasuwa

A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Har yau da wannan ma'aunin nake bin kowane labari. Rasuwar uwa a lissafi ita ce wadda ta faru lokacin ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarewarsa, saboda haka kada ku tsaya a ranar haihuwa.

Ba a zuwa da biro a kwanakin makoki. Ku je gaisuwa a matsayin mutane, ku dawo bayan wasu makonni tare da wanda gidan ya yarda da shi. Ku nemi wanda yake wurin da idonsa, sau da yawa uwa ce ko suruka ko maƙwabciya. Ku bar su su ba da labarin daga farko ba katsewa, sannan ku koma ku sa lokuta: yaushe jinin ya fara, yaushe aka samu mota, yaushe aka taɓa ta. Na taɓa zama da wani magidanci da ya rasa matarsa, ya ce, "Malama, mun isa kafin asuba. Har rana ta fito ana neman mai mabuɗin wurin ajiye jini." A rajista an rubuta cewa an kawo ta a makare. Da ban je gidan ba, da laifin ya zauna a kansa har abada. Ƙa'idar ita ce ba suna, ba ɗora laifi, ga iyali da ma'aikata baki ɗaya, domin ranar da aka kori nas ɗaya saboda bincikenku, daga ranar ba wanda zai sake faɗa muku gaskiya. Ku kuma nemi matan da suka tsallake rijiya da baya. Sun fi yawa, suna raye, kuma su suka san abin da ya faru da jikinsu.

Asibiti ma ɓangare ne na aikin

Zalunci ne a zaburar da mata su tafi asibiti, su je su tarar ba jini ba haske ba mai karɓarsu. Ku jawo ma'aikata ciki tun farko, ku ji nasu kukan: mutum biyu a kan gado ashirin, albashi a makare, kayan aiki sun ƙare. Kwamiti na iya zuwa da tambayoyi takamaimai. Misali, gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023, a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a haɗe nan take da zarar ya kai mizani, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60. Ke nan mutanen gari na da hurumin tambaya: a ɗakin haihuwarmu auna jini ake yi ko kintace?

Lissafi ba tare da yaudarar kai ba

Rasuwar uwa, duk da zafinta, ba ta da yawa a lissafi. Inda mata 500 ke rasuwa cikin haihuwa 100,000, haihuwa 2,000 za ta ba ku kimanin goma. In bana goma ce baɗi bakwai, wannan bai nuna aikinku ne ya jawo ba. Ƙaramin bincike ya auna abubuwan da ke kusa: awa nawa daga fara matsala zuwa isa asibiti, mata nawa aka auna wa hawan jini a awo, jarirai nawa aka sa wa nono cikin awar farko, nawa aka duba cikin kwana biyu, mata nawa suka ce an saurare su. Ku tara alƙaluman kafin ku fara, in da hali kuma ku samu wani yanki na kwatance. Sannan ku rarraba komai: ta shekaru, ta nisa, ta hali, ta harshe, ta naƙasa. Jimilla kan ɓoye waɗanda aka bari a baya. Amma in rukuni ya yi ƙanƙanta har za a gane mutum, ku haɗe shi da wani, kada a ce kurmar unguwa kaza ta ce kaza alhali ita kaɗai ce.

Fassarar alƙaluman ma da kwamiti ake yi. Na taɓa ganin zuwa awo ya faɗi warwas wata biyu a jere, na fara rubuta dogon bayani kan raunin wayar da kai. Direban kwamitin ya duba ya ce, "Ai lokacin ne gada ta karye."

Komawa da sakamako

Mutanen garin su fara ji, kafin taron masana, kafin mujalla, kafin masu ba da kuɗi. Ku yi shi a fili, da harshensu, da zane da tsakuwa in ta kama, kuma 'yan kwamiti su gabatar, ku kuna gefe. Ku gayyaci waɗanda ke da ikon canza wani abu, shugaban asibiti da jami'an lafiya na yankin, a tashi da abu biyu ko uku da aka sa wa suna da rana. Abin da bai yi aiki ba shi ma a faɗa. Matan da ba za su zo taron ba, a bi su gida a faɗa musu, kamar yadda aka bi su lokacin da ake neman amsarsu.

A aikin nan na farko, ni na kai wa Inna kwafin rahoton, jikarta ta karanta mata. Ta gyara mana sunan wata unguwa da muka rubuta ba daidai ba, sannan ta ce, "To maganar kati fa? Yaushe za a daina korar mace don ya ɓata?" Ba ni da amsa ranar, domin kuɗin aikin ya ƙare kuma ba mu tanadi komai na bibiya ba. Yanzu kafin in sa hannu a kowane kasafi, sai na ga layi uku a ƙarshensa: wanda zai karɓi littafin ƙungiya da asusun gaggawa in mun tafi, wanda zai ci gaba da biyan masu jan ragama ko ya shigar da su tsarin ma'aikatan lafiya na yankin, da kuɗin motar komawa bayan wata shida don a zauna da kwamiti a bi alƙawuran nan ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne aka cika.